Yadda Oga Sale Ya Shiga Ƙodar Baffa

Baffa Buba ba ya shan ruwa. Duk wanda ya zauna a unguwar Yalwawa ta Dutse a shekarun nan ya san haka, ya kuma san dalili, wato alwala. Zai ɗaura ta da asuba, ya wuni yana lallaɓa ta, ya yi azahar da ita, ya yi la'asar, in ranar ta zo da sa'a har magariba. Ruwa kuwa a wajensa shi ne babban maƙiyin alwala, don duk abin da ya shiga sai ya nemi ƙofar fita. In ka miƙa masa moɗa sai ya kawar da kai ya ce shi ba saniya ba ne, ya yi kiwo tun yana yaro, ya san masu kafa kai a ruwa. Ranar da aka ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da kabbara, aka tambaye shi yaya ya ji. Ya ce shi dai ta zo ta same shi da alwala, sauran jama'a kowa ya duba kansa.

Shayi kaɗai yake sha, baƙi ƙirin, ba madara, mai kaurin da in ka tsoma cokali sai ya ɓace maka. Na taɓa ce masa ai shayi ma ruwa ne. Ya ce ƙarya ne, an dafa shi, ruwan ya gudu.

Ƙanin mahaifina ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ni kuma na riƙe muƙamin da hannu biyu, ina yi masa faɗa yadda uwa take yi, yana jin wanda ya ga dama. Da ya ajiye aikin masinja a Kiyawa, matarsa kuma ta rasu, sai muka gyara masa ɗakin soro ya dawo wajenmu.

Shayin nan a teburi ɗaya yake shan sa, teburin Sale, ƙarƙashin darbejiyar bakin titi. Sale ya yi shekaru yana bin manyan motoci zuwa Kurmi, ya dawo ba da komai ba sai kalma ɗaya, oga. Kowa oga ne a bakinsa, har akuyar da ke lasar gwangwanin madara. Shi ya sa unguwa ta maida masa da abinsa, ya zama Oga Sale. Ya kafa teburin ne tun lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari ba iyali, kowa na neman inda zai karya. Da shi yake ci da 'ya'ya bakwai. Baffa ne ya fara zama a kan bencinsa, kuma kullum shi ne farkon zuwa.

Wata bazara, bayan la'asar, na ji nishi daga soro. Na tarar da Baffa yana birgima a tabarma, ya riƙe kwiɓinsa, gumi ya jiƙa masa riga. Muka kwashe shi sai asibiti. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata. Da ya ɗan dawo hayyacinsa, bai tambayi me ya same shi ba. Abin da ya tambayi nas shi ne ko ruwan da ya bi ta jijiya yana karya alwala. Ta ce ba ta sani ba, amma nan da ɗan anjima zai ba kansa amsa. Ya kuwa ba kansa.

A kwana na uku tsakuwar da aka ce tana cikin ƙodarsa ta fito. Ba ta wuce ƙwayar dawa ba, sai dai jikinta duk ƙaya kamar ƙarangiya. Baffa ya sa aka wanke masa ita, ya ɗora a tafin hannu yana juyawa. Ya ce shekara da shekaru yana cikin Dutse, ashe Dutse ma tana cikinsa. Ya jefa ta a kwalin ashana ya sa a aljihu.

Ranar sallama muka shiga wajen likita. Saurayi ne mai kirki, amma layin da ke ƙofarsa ya kai bakin babbar ƙofar asibiti, yana magana yana rubutu, Hausa rabi Turanci rabi. Baffa kuma kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, kuma ta hagun ya zauna.

Likita ya ce, "Baba, oksalet ne ya tara maka wannan tsakuwar. Yana cikin shayin nan da kake sha."

Baffa ya gyara zama. "Oga Sale?"

"Ƙwarai, oksalet," in ji likita, bai ɗago kai ba.

"Na san shi," Baffa ya ce a hankali.

Ni ma abin da na ji ke nan, amma ban yarda da kunne ba. Lokacin watana huɗu da shiga ajin yaƙi da jahilci, na haura arba'in, ina yawo da littafi a jaka, ba allon shagon da zan wuce ban tsaya na haɗa baƙaƙensa ba. Na zaro littafin na ce likita ya rubuta mini sunan, da Hausa, da manyan baƙi. Ya rubuta OKSALET. Muna fitowa na tsaya a inuwa na bi shi da yatsa. Ga O, ga K. Sai ga S, A, L, E a jere, tsakiyar kalma, ba ko kunya. Na sake karantawa sau uku. Baffa ya tambaya me takarda ta ce. Na ce takarda ta ce Sale.

Likitan ya faɗi wasu abubuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce a sha ruwa da yawa, a rage gishiri, a rage alayyafo da yakuwa da gyaɗa, don a cikinsu ma akwai shi. Baffa bai ji ko ɗaya ba. Ni na ji, sai dai kaina ya ɗaure. Shayi dai na gane, a hannun Sale yake. To yaya aka yi ya shiga alayyafon da nake yankawa da wuƙata a tsakar gidana? Na kwana biyu ina juya abin, daga ƙarshe na yanke cewa ya haɗa baki da masu kawo ganye daga Ringim.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na nufi teburin. Benci cike da ma'aikata, kowa da burodinsa. Na buɗe littafi na danna wa Sale a fuska, alhali na san ko alif na boko bai sani ba. Abin da na faɗa masa ranar ba zan maimaita shi a rubuce ba. Ya tsaya da buta a hannu, baki buɗe, yana cewa Oga Hajiya me ya yi zafi. Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin uwarsa. Wani ma'aikaci ya karɓi littafin ya duba, ya ce lallai dai akwai Sale a ciki, amma shi bai san O da K ɗin nan na mene ne ba. Wani ya ce ai taƙaitawar oga ce, haka ake yi a ofis. To T ɗin ƙarshe fa? Aka sake duba littafin. Can wani ya ce teburi.

Ana cikin haka sai ga Baffa yana dogara sanda. Ya nufi teburin kai tsaye. Ya ɗaga murfin babbar butar Sale, ya leƙa, ya sa cokali ya kankaro farin ɓawon nan da ke kama gindin kowace buta a garin nan, har da tawa. Ya ɗaga shi sama, ya fito da kwalin ashana ya buɗe, ya jera su gefe da gefe. Ya ce jama'a su duba uwa da ɗa.

Mutane suka fara ajiye kofuna.

Kafin mako biyu bencin Sale ya zama wurin kwanan awaki. Magana ta zaga cewa yana zuba wa mutane tsakuwa a shayi. Wasu suka ce sammu ne ya koyo a Kurmi, wasu suka ce so yake duk wanda ya sha ya kasa barin teburin saboda nauyi. Matarsa Hansai ta daina amsa gaisuwata, kuma da gaskiyarta. In na wuce sai in gan shi zaune shi kaɗai, wuta na ci a banza, burodi na bushewa a leda. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Aka fara cewa zai kwashe yaran ya kai su ƙauye, shi ya koma bin mota da furfurarsa.

Baffa kuwa ya sauya mai shayi. Ya koma wani can bakin tasha, yana tafiya a ƙasa cikin rana, yana shan kofi biyu maimakon ɗaya don Sale ya ji haushi. Ruwa dai ko ɗigo. Ba a yi wata biyu ba kwiɓin ya fara yi masa sallama. Na ce Baffa, ga shi ka bar Sale, ciwo bai bar ka ba. Ya ce ai hannun mutumin dogo ne, ban ga har alayyafo ya kai ba?

Daga nan ya ce shi alƙali zai je, tunda shari'a ta zo ba don ado ta zo ba. Na lallashe shi mu fara zuwa wajen limamin unguwa. Liman ya saurare mu har ƙarshe, ya karɓi kwalin ashana ya duba, ya karɓi littafina ya juya shi sama da ƙasa. Ya tambayi Baffa ko ya ga Sale da idonsa yana zubawa. Baffa ya ce bai gani ba, amma likita ya faɗa, Uwata ta karanta, ga kuma tsakuwa, shaidu uku ke nan, ɗaya ma ya yi rara. Liman ya ce tsakuwa ba ta shaida. Ya ce Sale ba ɗaya ba ne a duniya, mu koma likita ya rubuta wane Sale ne, ɗan wane, na wace unguwa, ya sa hannu. Da labari ya kai wa Sale, ya aiko cewa ƙafarsa ƙafarmu, yana so ya ga mutumin da ya san sunansa bai san fuskarsa ba.

Haka muka shiga ofishin mu uku, ba mai yi wa wani magana. Sale ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Oga likita, ni ne Sale. An ce ka ce ina cikin shayi."

Likita ya dube shi, ya dubi Baffa, ya dube ni. Na buɗe littafin na nuna masa rubutunsa, na sa yatsa a kan baƙaƙen huɗu. Ya daɗe yana kallo. Sai ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ya ga idon Sale, dariyar ta tsaya cak. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce layi ya jira. Ya jawo kujera ya zauna ta kunnen dama na Baffa.

Ya ce oksalet ba mutum ba ne, ba shi da uba ba shi da unguwa. Wani sinadari ne da Allah ya halitta a cikin wasu tsirrai, ganyen shayi da alayyafo da yakuwa da gyaɗa, jikin mutum ma yana yin kaɗan da kansa. In ya shiga jini, ƙoda ce ke tace shi ta zubar ta fitsari. A can yake haɗuwa da wani sinadarin, kalsiyam. In ruwa ya wadata, sai ya kwashe su su wuce ba a sani ba. In kuwa mutum ba ya shan ruwa, fitsarin ya yi kaɗan ya yi kauri, sai su manne da juna su daskare, yau ɗigo gobe ɗigo, har su zama abin da ke cikin kwalin ashana.

Baffa ya ce ya tsaya. Wace ce Kaltume?

Likita ya ce kalsiyam. Baffa ya juya ya dubi Sale ya ce shi Hansai kaɗai ya sani, ashe akwai wata a ɓoye. Sale ya ce wallahi bai taɓa ganinta ba. Sai da aka sake komawa farko.

Da aka zo kan cewa kalsiyam ɗin yana cikin nono, ni ce na ruɗe. Na ce to shi ke nan, daga yau an daina dama masa fura da nono. Likita ya ce a'a, kada in kuskura, a ba shi nono tare da abinci. Na ce yanzu ka ce da shi ake gina tsakuwar. Ya ce haka ne. Na ce kuma a ƙara masa? Ya ce haka ne. Na rufe littafina, don na ga boko ya fi ƙarfina. Ya yi haƙuri ya warware: in su biyun suka haɗu tun a hanji, a nan suke kama juna, su fita ta bayan gida, ba mai isa ƙoda. In oksalet bai sami kowa a hanji ba, shi ne yake wucewa jini shi kaɗai, ya je ƙoda ya yi haɗuwar a inda ba a so.

Baffa ya shafa gemu. Can ya ce, "Na gane. A hanji aure ne, a ƙoda zaman banza. A ɗaura musu tun a sama su tare a waje."

Likita ya ce duk karatun da ya yi ba a taɓa faɗa masa haka ba, amma ba zai ce kuskure ne ba. Ya ce shayi kofi ɗaya a rana, marar kauri, da madara. Ruwa kuwa har sai fitsari ya yi fari. Baffa ya ji wannan sarai, don ta dama aka faɗa, amma ya yi kamar ta hagu ce.

A ranar na koma teburin. Da murya ɗaya na yi zagin, da ita na ba da haƙuri, a tsaye, a bakin titi, har masu wucewa suka tsaya. Na shiga gida na durƙusa wa Hansai. Sale ya ce ya yafe. Amma benci bai cika ba. Mutane suka ce ai ni an san ni, yau wuta gobe ruwa. Wanda tsakuwa ta fito daga jikinsa shi suke kallo. In dai Malam Buba bai dawo ya sha daga hannun Sale ba, akwai abin da ba a faɗa ba.

Na faɗa wa Baffa haka. Na ce bakinka ya rushe teburin nan tare da nawa, 'ya'ya bakwai ne a bayansa. Ya ce shi dattijo ne, a haife ya haifi Sale, ba zai tsaya a titi yana ba yaro haƙuri ba. Kuma likita ya hana shi shayin kirki, me zai je ya sha, wannan ruwan wankin kofi mai madara? Na ce to zauna da girmanka. Na daina kai masa hira, abinci kawai nake turawa. Kwana uku bai fito daga soro ba sai masallaci.

A rana ta huɗu da safe, lokacin da ma'aikata ke wucewa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya fita. Na bi shi daga nesa. Ya kori akuya daga benci, ya zauna a tsakiya, ya jingine sanda.

"Sale, ba ni ruwa."

Sale ya ce, "Oga Baba, shayi?"

"Ruwa na ce. A babban kofi."

Sale ya ɗebo daga randarsa ya miƙa masa. Baffa ya yi bismilla ya kafa kai. Wallahi titin nan tsayawa ya yi. Masu babur suka taka burki, mai kanti ya fito da mudu a hannu, don ba wanda ya taɓa ganin maƙogwaron Baffa yana hawa da sauka a kan ruwa. Ya shanye, ya ajiye kofin da ƙarfi, fuskarsa kamar ya sha maɗaci. Ya ce a ƙara.

Kafin rana ta take aka ga ya ɗauki buta ya zaga baya. Alwalar da ba a taɓa jin ta karye kafin azahar ba, ranar sau huɗu ya sabunta ta, a gefen teburin, kowa na kallo. Duk wanda ya yi masa dariya sai ya ce ya zo ya zauna ya ji yadda abin yake. In an zauna sai ya yi bayani. Ya ce ba wannan Salen ba ne, wani ne daban, ɗan mitsitsi, ido ba ya ganinsa, gidansa cikin alayyafo, yana zaune da wata Kaltume ba aure. In na gyara masa sai ya ce Uwata ta yi boko wata shida tana so ta fi likita. Mutane suka riƙa zuwa jin labarin, kuma ba a jin labari da baki a bushe. Kafin azumi Sale ya ƙara benci na biyu.

Haka ya yi sauran shekarunsa. Kullum da safe yana tsakiyar bencin nan da kofin ruwansa, yana sha yana tsaki, bai taɓa cewa ya ji daɗinsa ba ko sau ɗaya. Tsakuwa ba ta sake dawowa ba. Kalmar haƙuri kuma ba ta fito ba, Sale bai nema ba.

Ciwon ajalinsa zazzaɓi ne na kwana biyar, tsufa ya riga ya gama aikinsa. Ranar ƙarshe da rana Sale ya rufe teburi ya zo ya zauna a bakin tabarma. Baffa ya lalubi hannunsa ya riƙe. Muryar ta yi ƙasa sai da muka sunkuya.

"Sale, na ɓata maka suna."

"Oga Baba, ai ka wanke shi tuntuni."

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ne. Sai ya buɗe ido ya neme ni.

"Uwata, shi wancan ɗayan, an kama shi kuwa?"

Na buɗe baki in sake bayanin da na yi masa sau ɗari, sai na fasa. Na ce ba a kama shi ba, Baffa.

Ya ce, "To a bar shi. Na yafe masa shi ma."

Allah, ga bawanka Buba nan ya zo maka. Bai gane komai daidai ba, amma ya tafi ba ya riƙe da kowa. Ka yafe masa yadda ya yafe, Ka sanyaya makwancinsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.